Katako, Yumɓu da Takarda: Tarken Gidan Karatu Daga Garin Suleja

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatu na biyu muka ɗebi ɗalibanmu masu nazarin adabin baka zuwa Suleja, kamar yadda muka saba fita da su duk shekara domin su ji da kunnensu abin da suka daɗe suna karantawa a takarda. Mun wuce Dutsen Zuma da hantsi, muka shiga gari, muka yada zango a cibiyar ginin tukwane da ake kira da sunan Ladi Kwali. Muna tsaye a inuwa muna jiran sauran ɗalibai su sauko daga mota, sai wata ɗaliba ta miƙo mana wayarta, ta ce, "Malam, dubi ɗakin karatun wani ƙaramin gari a Turai. Da katako zalla aka yi shi. Mu yaushe za a gina mana irinsa?"

Hotunan da ta nuna mana na ɗakin karatu da gidan al'adu ne na garin Vennesla da ke kudancin ƙasar Norwe, wanda aka kammala a 2011. Ba mu ba ta amsa a lokacin ba, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Wannan maƙala ita ce amsar, ko kuwa a ce rabinta. Za mu bi hanyar da muka iya, wato hanyar tarke. A ganinmu gini ma matani ne: yana da jigo, yana da zubi da tsari, yana da salo, kuma yana da waɗanda aka yi shi domin su. Duk ma'aunin da muke ɗora ƙagaggen labari a kai, ana iya ɗora gidan karatu a kansa, a ga inda ya yi nauyi da inda ya gaza.

2.0 Matanin Vennesla

Zubin ginin Vennesla ya tsayu ne a kan haƙarƙari 27 na katako. Ba gungume ɗaya aka sara aka yi kowane haƙarƙari da shi ba. Fallayen katako ne aka jera, aka manne su da gam, aka matse har suka zama abu guda mai lanƙwasa yadda mai zane yake so. Kowane haƙarƙari ya taso daga ƙasa, ya bi bango, ya tsallaka rufi, ya sauka a ɗaya gefen. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda haƙarƙarin yake sauya aiki yana tafe: a sama shi ke ɗauke da rufi da fitilu, da ya sauko ƙasa sai ya rikiɗe ya zama kantar littattafai, ya kuma zama wurin zaman mai karatu. Kamfanin masu zanen gini na Helen & Hard ne ya tsara shi, kuma an haɗa shi da wurin shan shayi da ɗakunan taro da tsohon gidan al'adun garin, ta yadda wanda ya shigo domin abu ɗaya zai ratsa ta cikin sauran.

Idan da waƙa ce, da sai mu ce marubucin ya riƙe amsa-amo ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kuma amsa-amon nan shi ne yake ɗauke da ma'anar waƙar, ba ado aka yi da shi kawai ba. Wannan ƙwarewa ce da ba mu da dalilin rage mata daraja. Ɗalibarmu ba ta yi kuskure ba da ta yaba.

Sai dai kowane matani da harshen da aka rubuta shi. Katako a Norwe harshen uwa ne. Ƙasa ce mai dazuzzukan itatuwa miƙaƙƙu da ake sara ana sake shukawa bisa ƙa'ida, mai sanyin da ba ya barin gara ta yi sakat, mai mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna gina gidaje da majami'u da jiragen ruwa da itace. Wanda ya shiga ginin Vennesla daga cikinsu, yana ganin cikin jirgin kakanninsa ne a kife. Idan aka ɗauko wannan zubi aka dire shi a bakin kogin Iku, an yi fassarar kalma da kalma ke nan, irin wadda muke jan kunnen ɗalibai a kanta kullum. Gara tana nan tana jira. Hunturu zai busar da katakon ya tsage shi, damina ta kumbura shi. Sannan daga wane daji za a saro shi? Gawayin da ake lodawa a manyan motoci daga dazuzzukan Jihar Neja zuwa birane ya riga ya ci kirya da kaɗanya ba kaɗan ba. Madobiya kuwa an yi ta sararta ana fitarwa zuwa ƙasar Sin, har sai da aka sanya ta a 2016 cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu. Zanen aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Wannan ba ya nufin Bahaushe baƙo ne ga gini da itace. Yana da nasa haƙarƙarin, sai dai ya ɓoye shi a cikin ƙasa. Azara, wato tsagin giginya, ita ce ƙashin bayan soron Hausa, kuma an zaɓe ta ne saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Azara ɗaya ba ta tsallake fili mai faɗin da ya wuce mita biyu ba tare da ta saki ba, don haka magina suka ƙirƙiro dabarar ɗora ta hawa-hawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasa da ita, ana ɗaurewa ana yaɓewa, har ɓangarori biyu su haɗu a sama su ba da bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, shi ne bakandamiyar wannan fasaha. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a cikinsa ya ga haƙarƙarin da suka girmi na Vennesla da shekaru fiye da 170. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Muna ambaton wannan ne domin kada a ɗauka muna kirari ne ga ƙasa da azara ido rufe. Ginin ƙasa yana son kulawa ta kowace shekara, kamar yadda waƙar baka take son bakin da zai riƙa rera ta.

3.0 Garin da Aka Ari Sunansa

Kafin a tambayi da me za a gina gidan karatu, kamata ya yi a tambayi me za a ajiye a ciki, wato mene ne jigonsa. A nan Suleja tana da matsalar da ba kowane gari ke da ita ba.

Lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Koro da Gbagyi. Ya rasu a 1825 a wajen yaƙi kusa da Lapai. Ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, garin ya ɗauki sunansa: Abuja. Shekaru kusan 150 ana kiran wannan gari da wannan suna. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar kafa sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka yanki ƙasa mai yawa daga masarautar, aka kuma ɗauki sunan aka ba sabon birnin. Tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Yau idan aka ce Abuja, babu ɗalibin da tunaninsa zai je kan ganuwar Abu Ja. Suleja ta zama makwancin ma'aikatan da ke sammako zuwa birnin da ya karɓe mata suna.

Garin da ya ba da sunansa, abin da ya rage masa shi ne labarinsa. Labarin kuwa an rubuta shi, kuma da Hausa aka rubuta shi. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, dukkansu 'yan garin, sun tattara tarihin Makau da magadansa, da tsarin sarautu, da al'adun aure da haihuwa da bukukuwa. Frank Heath ya fassara aikin zuwa Ingilishi, aka buga shi a Ibadan a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja, aka sake buga shi a Legas a 1962. Da M. G. Smith ya zo rubuta Government in Zazzau, wanda ya fito a 1960, a kan wannan aiki ya dogara ƙwarai wajen sake gina hoton mulkin Zazzau kafin jihadi, domin a Abuja ne tsarin ya saura, a Zariya an riga an sauya shi. Ke nan duk ɗalibin tarihi da ya karanta Smith ya sha daga rijiyar Hassan da Shu'aibu, ko ya sani ko bai sani ba.

Mun tambayi ɗalibanmu a ranar ko akwai wanda ya taɓa riƙe littafin. Babu ko ɗaya. Mun zaga shagunan littattafai da yamma muna cigiya, ba mu dace ba, na Hausar balle na Ingilishin. Wani dattijo mai sayar da littattafan addini ya ce mana ya taɓa ganinsa a hannun mahaifinsa, amma ya yi shekaru rabonsa da shi.

Amma mu matarka ne, ba maroƙa ba, don haka dole mu faɗi abin da muka gani a littafin. Daga cikin fada aka rubuta shi, kuma jigonsa a fili yake: tabbatar da cewa sarautar Zazzau ta asali tana Abuja, ba a ci ta da yaƙi ba, ba ta yi mubaya'a ba. Marubutan sun yi wannan aiki da harshe mai sauƙi da tsari mai kyau, sun kuma adana abubuwan da da sun ɓace. Sai dai mutanen da Makau ya tarar a ƙasar, Gbagyi da Koro da Gade, sun fi fitowa a matsayin waɗanda ake ba da labarinsu, a yaƙe su ko a karɓi harajinsu ko a bayyana al'adunsu, ba kasafai ake jin muryarsu ba. Kirarin sarki na uku, Ibrahim Iyalai, shi ne Dodon Gwari. Ba laifin marubutan kaɗai ba ne. Harshenmu ma haka ya yi musu. Bahaushe ya ɗauki sunan al'umma guda ya mai da shi kalmar raini, ya ce wa maganar da ba ta fita daidai gwaranci. Gidan karatun da za a gina a Suleja, idan littafin fada kaɗai ya ajiye, ya maimaita wannan rashin adalci da siminti ko da katako, duk ɗaya ne.

4.0 Tulun da Ya Daina Sanyaya Ruwa

Wurin da muke tsaye lokacin da aka miƙo mana wayar shi ne gidan al'adu na farko irin na zamani da aka yi a garin, ko da yake ba da wannan suna aka kafa shi ba. Labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk tambayoyin da muke yi a yau an riga an yi su a can.

Michael Cardew Baturen Ingila ne, almajirin Bernard Leach a sana'ar ginin tukwane. Ya yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yanzu cikin shekarun 1940, sannan gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi a 1950 domin ya inganta sana'ar tukwane. Ya zaga ƙasa yana duba yumɓu da magina, daga ƙarshe ya zaɓi Abuja: akwai ƙasa mai kyau, akwai ruwa, akwai itacen wuta, akwai kuma sarki mai sha'awar abin. Sulaimanu Barau ɗan Kwalejin Katsina ne, ya koyar kafin ya hau gado, kuma yana tara tukwanen maginan ƙasarsa a fada. A cikin tarin nan Cardew ya fara ganin aikin wata mata daga garin Kwali. Cibiyar ta fara aiki a 1952, ɗakunanta na ƙasa ne da jinka irin na mutanen wurin. Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Itace ya taka rawa a wannan gida, sai dai a cikin wuta ya taka ta, domin da shi ake hura matoyar da ke gasa tukwane da zafin da ya haura digiri 1,200.

Duk ɗalibin adabin Hausa da ya ji wannan labari zai tuna wani labarin. A 1933 R. M. East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai, aka yi gasa, aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, sannan Jiki Magayi wanda shi East ɗin ya sa hannu a ciki. Abubakar Imam, wanda ya fi kowa fice a cikinsu, haifaffen Kagara ne a wannan jiha ta Neja. Kamannin ya yi yawa: jami'in Turawa mai son fasahar 'yan ƙasa da gaske, ya zo da na'ura da sabon zubi, ya sami mai basira ɗaya da ta yi wa saura zarra, suka yi aiki tare shekara da shekaru, sunan ɗan ƙasar ya ɗaukaka. East ya kawo injin ɗab'i da zubin labari mai babi-babi. Cardew ya kawo faifan juya yumɓu da matoya da ruwan ƙyalli. Imam ya zo da tatsuniya da hikayoyin Larabawa da barkwancin zaure. Ladi Kwali ta zo da hannun da gwaggonta ta horar tun tana yarinya, da zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi da maciji, waɗanda take tsagawa a jikin ɗanyen tulu.

Ga inda tarken yake. Tulun Gbagyi na gargajiya ana gasa shi a fili da ciyawa da ƙirare, wutar ba ta da zafi sosai, don haka jikinsa yana da ƙananan kafofin da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, abin da ke ciki ya yi sanyi. Wannan shi ne amfanin tulu da randa, kowace uwar gida ta san haka. A cibiyar Abuja, Ladi Kwali ta ci gaba da gina tulunta da hannu kamar yadda ta gada, a wani ɗaki da ake kira Ɗakin Gwari, amma da yumɓun da aka haɗa domin babbar wuta, aka shafe shi da ruwan ƙyalli, aka gasa shi a matoya. Abin da ya fito ya fi na da kyau a ido, ya fi ƙarfi, zai yi ɗaruruwan shekaru. Amma kafofin sun toshe, tulun ya daina sanyaya ruwa. Ya yi nauyin da mace ba za ta ɗauke shi zuwa rafi ba, ya yi tsadar da ba za ta saya ba. Masu sayensa suka zama Turawa da manyan ma'aikata da gidajen tarihi. An baje kolinsa a Landan a 1958 da 1959 da 1962, kuma har yau yana cikin akwatunan gilashi a Ingila da Amurka, babu ɗigon ruwa a cikinsa.

Haka tatsuniya ta zama da ta shiga takarda. Frank Edgar ya buga kundaye uku na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, kuma ba don shi da malaman da suka rubuta masa ba, da yawancinsu sun bi iska. Amma tatsuniyar da ke shafi ba ta da dare, ba ta da muryar kaka, ba ta da yaran da za su amsa su ce ta zo mu ji ta. An shafe ta da ruwan ƙyalli.

Ba muna cewa a yi da-na-sani ba ne. Kafin cibiyar, maginiya tana mutuwa da sunanta. Tulunta ya fashe, a sayi wani. A cibiyar ne aka fara buga hatimin mai aiki a gindin tukunya, haruffa biyu na sunan Ladi Kwali, kusa da hatimin wurin, wanda sunan Abuja ne da rubutun ajami. Abin lura ne cewa sunan da garin ya rasa a 1976 yana nan daram a gindin tukwanen da ke Landan. Matar da ba ta yi karatun boko ba ta zaga Ingila da Jamus da Faransa da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ta sami lambar yabo ta ƙasa kan fasaha da ilimi a 1980. Ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20. Da muka ce ɗalibai su fito da takardar su duba, da yawansu suka yi dariyar kunya, domin sun yi shekaru suna kashe ta ba su san ko wace ce ba. Akwai kuma sauran mata da suka biyo ta, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, waɗanda ba su hau kan kuɗi ba, kamar yadda hasken Imam ya rufe Malam Bello Kagara da Muhammadu Gwarzo.

Darasin da muke ɗauka domin tambayar ɗalibarmu shi ne cewa gidan al'adu yana iya ɗaukaka abu ya kuma raba shi da masu shi a lokaci guda. Ɗakin karatu mai sheƙi, mai ƙofar gilashi da mai gadi da rajistar shiga da Ingilishi, yana iya zama tulun da ba ya sanyaya ruwa. Za a zo daga Abuja a ɗauki hotonsa, 'yan unguwa kuma su riƙa ratse shi.

5.0 Dandaji da Gando

Akwai misalai biyu kusa da gida da suka gwada wata hanya. A ƙauyen Dandaji na Hausawa, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, jama'a sun so rushe tsohon masallacinsu na ƙasa su gina sabo. Tsohon kuwa aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Masu zanen gini biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka ba da shawarar a bar tsohon a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, domin tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. An ƙara bene da kantoci a cikin tsohon ginin, bakunan rufinsa suna nan yadda maginin ya bar su, kuma maginan garin ne suka yi gyaran.

Abin da ya sa muke ganin Hikma ya fi Vennesla kusa da buƙatarmu ba ƙasar da aka yi shi da ita ba ce kaɗai. Tsarinsa ne. Ƙafar mutanen garin ta riga ta saba da hanyar wurin sau biyar a yini. Ba a ce su koyi sabuwar hanya ba, an sa littafi ne a kan hanyar da suke bi. Mata kuma, waɗanda a da ba su da dalilin zuwa harabar, sun sami ajujuwan karatu da wurin taro. A harshen tarke, marubucin ya san masu karatunsa.

Na biyun yana Gando, a Barkina Faso. Francis Kere, ɗan ƙauyen, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami lambar Pritzker ta zanen gini, ya tsara wa makarantar garin ɗakin karatu. Ya sa aka kawo tukwanen ƙasa da matan garin suka gina, aka yanke su, aka jera su cikin rufi, suka zama kafofin da haske ke shigowa zafi kuma ya fita. Ya kewaye ginin da sandunan itacen turare, wanda ke saurin girma kuma ba a ɗauke shi bakin komai ba sai makamashi. Ga katako, ga tukunya, kuma tukunyar tana aiki, ko da yake ba aikinta na asali ba. Da muka nuna wa ɗalibai hoton, wani daga cikinsu ya waiwaya ya dubi tukwanen da ke jere a bayanmu, bai ce komai ba.

6.0 Wa Zai Shiga?

Saura tambayar da masu zanen gini ba za su amsa mana ba. Mu malaman jami'a mun daɗe muna kukan cewa Bahaushe ba ya karatu, alhali tun tsakiyar shekarun 1980 littattafan da muka raɗa wa adabin kasuwar Kano suke yawo gida-gida. Shagunan hayar littafi, inda ake ba da labari a karanta a dawo da shi a kan 'yan kuɗi kaɗan, su ne ɗakunan karatun da suka yi aiki a ƙasar Hausa ba tare da kasafin gwamnati ba, kuma mata ne mafi yawan masu hulɗa da su, ta hannun ƙannensu da 'ya'yansu da ake aika. Yanzu wannan karatu ya koma cikin waya, ana tura labari babi-babi ta WhatsApp. Ɗalibar da ta nuna mana Vennesla, a cikin wayar nan tata akwai littattafan Hausa da suka fi na kantar sashenmu yawa; mun tambaye ta, ta nuna mana.

Saboda haka ɗakin karatu a Suleja ba zai yi gasa da waya wajen yawan labarai ba. Abin da zai iya yi shi ne abin da waya ba ta yi: ya ajiye abin da babu shi a ko'ina, ya kuma tara mutanen da ba sa haɗuwa. Kantar farko, a ganinmu, ta littafin Hassan da Shu'aibu ce, a sake buga shi da Hausar da suka rubuta shi. Kusa da shi a ajiye muryoyin da littafin bai ɗauka ba, waƙoƙin Gbagyi da Koro da tarihinsu daga bakinsu, da harshensu, tare da fassara. A bar zaure a gaba, buɗaɗɗe, inda mai tallar goro zai iya zama ba wanda ya tambaye shi kati. A ware ranaku da ƙofa domin matan aure. A ajiye randa a bakin ƙofa, ta ƙasa, marar ƙyalli, da moɗa a kai. Rufin kuwa, ko azara ce ko itacen turare ko wani abin da injiniyoyi suka ga ya dace da damina da garar wurin, wannan a bar wa masu sana'ar, da sharaɗin a shuka abin da za a sara.

Kafin mu bar garin mun ba ɗaliban aiki. Kowane rukuni zai koma lokacin hutu, wasu Kwali, wasu Ushafa, su zauna da maginan tukwane, su rubuto sunan kowane zane da ake tsagawa a jikin tulu da harshen Gbagyi, da abin da maginiyar ta ce yana nufi, da waƙar da take yi in tana yi, su kuma rubuta sunanta da izininta. Mun gargaɗe su kada su gyara Hausar matan idan da Hausa suka amsa. Rukunin farko ya dawo da kaset na waya mai tsawon awa biyu da rabi, da shafi 11 na rubutu. Ɗalibar nan tana cikinsu. Ta ce tsohuwar da suka zauna da ita ta ƙi yarda a ɗauki muryarta sai da suka zauna suka taya ta cuɗa yumɓu, kuma da aka zo kan zanen hawainiya sai ta yi dariya, ta ce wannan labarinsa na dare ne, su dawo bayan girbi.